Takardun Larabci Biyu a Tarihin Jihar Jojiya ta Amurka





Da aka nemi in yi lacca a kan wani sashe na tarihin Amurka, sai na zaɓi Jihar Jojiya, wadda take kudu maso gabashin ƙasar, a bakin Tekun Atlantika, tsakanin Karolina ta Kudu da Fulorida. Na tabbata galibin waɗanda suke zaune a wannan zaure sun taɓa jin sunanta. Dattawan cikinmu sun san ta ta wajen Jimi Kata, manomin gyaɗan nan da ya zama shugaban Amurka, har ya ziyarci Legas a 1978. Waɗansu sun san a babban birninta Atlanta aka haifi Martin Luta Kin. Masu sha'awar ƙwallo kuwa ba za su manta ba a can ne 'yan wasan Nijeriya suka ci Ajantina 3 da 2 a 1996, suka zo da lambar zinariya ta wasannin Olamfik.

Abin da nake so mu duba yau ya girmi wannan duka. Cikin ƙasashe goma sha uku da Ingila ta kafa a wannan gaɓar teku, waɗanda suka haɗu suka zama Amurka, Jojiya ce auta, kuma ita kaɗai ce aka kafa da dokar hana mallakar bayi. Dokar ba ta wuce shekara goma sha shida ba ta faɗi. A farkon wannan labari akwai wata wasiƙa da wani Bafillace ya rubuta da Larabci, a wajen ƙarshensa kuma akwai wani ɗan littafi da wani Bafillacen ya rubuta da Larabci, wanda har aka taɓa kawo hotunan shafukansa Kano domin malamanmu su karanta. Tsakanin waɗannan takardu biyu zan bi da ku.

Yadda aka kafa ƙasar

Wanda ya jagoranci kafa Jojiya shi ne James Oglethorpe, soja kuma wakili a Majalisar Dokokin Ingila. A zamaninsa al'ada ce a Ingila idan bashi ya fi ƙarfin mutum a kulle shi a kurkuku sai ya biya, masu gadin kurkukun kuma su riƙa karɓar kuɗi a hannunsa kafin su ba shi ɗaki mai dama. Wani abokin Oglethorpe mai suna Robert Castell ya faɗa cikin wannan hali, da ya kasa biyan masu gadi sai aka sa shi a gidan da cutar agana take, ya kamu, ya mutu. Wannan ya sa Oglethorpe ya shugabanci kwamitin Majalisa na binciken kurkukun masu bashi a 1729, daga nan kuma tunanin kafa sabuwar ƙasa domin matalauta ya taso.

A 1732 Sarki Joji na Biyu ya ba da takardar izini, aka raɗa wa ƙasar sunansa, aka damƙa ta ga waɗansu amintattu da suke zaune a Landan na tsawon shekara 21. An sharɗanta musu ba za su mallaki ƙasa a can ba, ba kuwa za su ci riba ba. Har yau a Amurka akwai masu cewa fursunonin bashi ne suka kafa Jojiya, amma takardun amintattun sun nuna akasin haka, domin tantance mutane aka yi ɗaya bayan ɗaya, aka ɗebi masassaƙa da teloli da 'yan tireda waɗanda sana'a ta karye musu. A ranar 12 ga Fabrairu 1733 Oglethorpe ya sauka da mutum ɗari da 'yan kai a kan wani tudu a bakin kogin Savannah. Ya sami mutanen Yamacraw a wurin, wani reshe na 'yan asalin ƙasar, ya yi yarjejeniya da sarkinsu Tomochichi, wata mace mai suna Mary Musgrove, wadda uwarta 'yar ƙasa ce ubanta Bature, tana yi musu tafinta. Garin Savannah da ya zana, unguwa-unguwa kowace da dandalinta a tsakiya, yana nan bisa wannan tsari, dandali 22 sun rage cikin 24 da aka taɓa yi.

Dokokin da amintattun suka shimfiɗa su ne abin mamaki. Wanda aka kai da kuɗin agaji eka 50 ake ba shi, ba ya sayarwa, ba ya jinginarwa, ɗa namiji ne kaɗai yake gadonta, domin ana so kowace gona ta zama da mai riƙe bindiga. Mai kuɗi komai arzikinsa ba ya wuce eka 500. An hana barasar nan mai ƙarfi da ake yi da ruwan rake. An hana lauyoyi sana'arsu, kowa shi zai tsaya wa kansa a gaban alƙali. Mabiya ɗariƙar Katolika ba su da izinin addininsu. Sana'ar da aka tsara wa ƙasar kuwa ita ce alharini, har a hatimin amintattun an zana tsutsar alharini a kan ganye, an kuma tilasta wa kowane mai gona ya dasa itatuwan da tsutsar take ci. Mutanen da suka tsara wannan duka, ban da Oglethorpe, kusan babu wanda ya taɓa taka ƙasar da ƙafarsa. Ma'aikatan da suke tare da mu a nan, waɗanda suka saba karɓar umurni daga hedikwata a kan ƙauyen da mai sa hannu bai taɓa gani ba, ba sai na yi musu dogon bayani ba.

Baƙi iri-iri sun biyo baya. A watan Yuli 1733, ana tsakiyar annobar zazzaɓi, likitan garin ma ya riga ya mutu, sai ga jirgi ɗauke da Yahudawa 42, cikinsu da wani likita mai suna Samuel Nunes. Amintattu ba su so a karɓe su ba, Oglethorpe ya karɓe su. A 1734 waɗansu Jamusawa da aka kora daga Salzburg saboda addini suka kafa garin Ebenezer, a 1736 mutanen tsaunukan Sikotilan suka kafa Darien. John Wesley, wanda daga baya ya kafa ɗariƙar Methodist, shi ma ya yi limancin cocin Savannah daga 1736, amma bai cika shekara biyu ba ya sulale ya bar garin, bayan an kai shi ƙara a kan ya wulakanta wata yarinya a coci domin ta auri wani ta bar shi.

Wasiƙar Ayuba

Yanzu sai mu koma baya kaɗan, mu ƙetaro Afirka ta Yamma. A ƙasar Bundu, wadda take gabashin Senegal ta yau, akwai wani ɗan malami mai suna Ayuba ɗan Sulaimanu Jallo, mahaddacin Alƙur'ani. A 1731 ubansa ya aike shi bakin kogin Gambiya da bayi biyu, ya sayar wa wani jirgin Ingilishi ya sayo takarda. Ba su daidaita a kan farashi da kyaftin ɗin jirgin ba, sai ya ƙetare kogi ya musanya bayin da shanu. A hanyarsa ta komowa waɗansu Mandingo suka kama shi, suka aske masa kai da gemu domin ya yi kama da kamammen yaƙi, suka kai shi suka sayar wa wannan kyaftin da suka yi ciniki da shi kwanaki kaɗan da suka wuce. Na kawo wannan dalla-dalla domin kada mu ba da labarin nan kamar Turawa kaɗai ne suke da hannu cikin cinikin. Wanda aka sayar ɗin nan sayarwa ta kai shi bakin kogi.

Aka kai Ayuba Merilan, aka sa shi noman taba, da ya kasa aka mai da shi kiwon shanu. Yakan shiga daji ya yi salla, wani yaro Bature yana binsa yana watsa masa ƙasa. Ya gudu, aka kama shi aka kulle, a nan ne wani Bature mai suna Thomas Bluett ya ga yana rubutu, aka samo wani tsohon bawa mai jin Wolof ya yi tafinta. Da aka mayar da shi ga ubangidansa sai ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci yana neman fansa. Wasiƙar ba ta kai Bundu ba. Ta tsaya a Landan, ta faɗa hannun Oglethorpe, wanda a 1732 shi ne mataimakin gwamnan Royal African Company, watau babban kamfanin Ingila na fataucin bayi. Ya aika da ita Jami'ar Oxford aka fassara masa, abin da ya ji ya taɓa shi, ya ɗauki alkawarin biyan fam 45 a fanshi marubucin. Kafin Ayuba ya iso Ingila a watan Afrilu 1733 Oglethorpe ya riga ya tafi Jojiya, sai waɗansu masu hali suka yi karo-karo suka cika fansar. A Landan Ayuba ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku, aka kai shi gaban Sarauniya, aka zana hotonsa da babbar riga da rawani, ya koma gida a 1734.

A ƙarshen 1732 Oglethorpe ya sayar da hannun jarinsa na kamfanin bayi, a 1735 kuma aka zartar da dokar hana bayi a Jojiya. Marubuta da yawa sun haɗa waɗannan abubuwa suka ce wasiƙar Ayuba ce ta juya zuciyarsa. Labari ne mai daɗin ji, musamman a kunnenmu, kuma ba na musun cewa ganin rubutun bawa ya girgiza shi. Amma ɗalibin tarihi ba ya tsayawa a kan daɗin labari, sai ya duba dokar da kanta.

Dalilin dokar da dalilin faɗuwarta

Sunan dokar ma ya isa shaida, domin abin da ya ce shi ne doka ce ta ƙarfafa tsaron Jojiya ta hanyar hana shigo da baƙaƙen bayi da aiki da su. A kudu da Jojiya akwai Fulorida, wadda take hannun Sifaniyawa, abokan gabar Ingila. Tun 1693 Sarkin Sifen ya ba da shela cewa duk bawan da ya gudo daga ƙasashen Ingilishi ya karɓi addinin Katolika ya zama ɗa. A 1738 har gari aka kafa wa irin waɗannan gudaddu kusa da St. Augustine, mai suna Mose, da rundunarsu, shugabanta kuwa wani mutumin Mandingo ne da ake kira Francisco Menéndez. A arewa kuma akwai Karolina ta Kudu, inda tun 1708 bayi suka fi Turawa yawa. Jojiya garkuwa aka yi ta tsakanin biyun, garkuwar da take cike da bayi kuwa ƙofa ce. A watan Satumba 1739 bayi suka yi tawaye a bakin kogin Stono a Karolina, suka kashe Turawa fiye da ashirin, suka nufi Fulorida da ganguna da tuta kafin a tare su. Dalili na biyu shi ne amintattun suna tsoron idan matalautan da suka kai suka sami bayi za su zama malalata, masu kuɗi kuma su haɗiye gonakin. Dokar ba ta 'yanta kowa ba, baƙar fata ta hana zama a ƙasar, ko da yake bayin da aka aro daga Karolina sun taimaka wajen sare itatuwa da tsaga katakon gina Savannah.

Duk da haka akwai wata takarda guda da ta fita daban. A ƙarshen 1738 mutanen Savannah fiye da ɗari suka rubuta koke suna neman a bar su su sayi bayi, suna cewa Bature ba ya iya noma cikin zafin wannan ƙasa, ga maƙwabtansu na Karolina suna ta yin arziki da shinkafa. A watan Janairu 1739 mutum 18 daga Darien suka mayar da martani. Bayan sun kawo dalilan tsaro da na bashi, sai suka ƙara da cewa abin ƙyama ne ga ɗabi'ar ɗan Adam a hukunta wa wata al'umma da zuriyarta bauta har abada, kuma wata rana alhakin zai komo kan masu yi ko kan 'ya'yansu. Wannan yana cikin koke-koke na farko da aka rubuta a ƙasar Amurka a kan rashin halaccin bautar kanta. Ku riƙe sunan jagoransu, John McIntosh Mohr, za mu sake gamuwa da gidansa.

Yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Sifen a 1739. A watan Yuli 1742 Sifaniyawa suka kawo hari tsibirin St. Simons, Oglethorpe ya kore su, ba su sake dawowa ba. A ganina wannan nasara ita ce ta kashe dokar, gama da tsoron Fulorida ya ragu, babban ginshiƙin da dokar ta dogara a kansa ya tafi. Oglethorpe ya koma Ingila a 1743, bai sake ganin Jojiya ba har ya rasu a 1785. Alharini bai yi albarka ba, mutane suna ta ƙaura zuwa Karolina, waɗanda suka rage kuma suna shigo da bayi da sunan haya. Har babban mai wa'azin nan George Whitefield, wanda ya gina gidan marayu na Bethesda a 1740, ya sayi gandu da bayi a Karolina domin ciyar da marayunsa, ya kuma matsa wa amintattun su janye dokar. An saki dokar barasa a 1742, aka soke ta bayi a 1750, sokewar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1751. A 1752 amintattun suka mayar wa Sarki ƙasarsa tun wa'adinsu bai cika ba.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon sharhi, alƙaluma sun isa. A 1750 bayin Jojiya ba su kai 500 ba, a 1775 sun kai wajen 18,000. A 1793, a wani gandu kusa da Savannah, Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, noman auduga ya bazu zuwa cikin ƙasa, aka kori 'yan asalin ƙasar, Creek da Cherokee, daga gonakinsu. A ƙidayar 1860 bayin Jojiya sun kai 462,198, watau kashi 44 cikin ɗari na jama'ar jihar. A watan Maris 1859, a filin sukuwa na Savannah, an yi gwanjon mutum fiye da 400 cikin kwana biyu, maza da mata da jarirai, domin a biya bashin da ubangidansu Pierce Butler ya ci. A garin da aka kafa saboda tausayin masu bashi aka yi wannan.

Bilali biyu

A gaɓar Jojiya akwai jerin tsibirai masu fadama, inda ake noman shinkafa da rake da auduga mai dogon zare. Masu gandayen sun fi son bayi daga yankin Senegal da Gambiya da Saliyo, domin sun san noman shinkafa tun daga gida, cikinsu kuwa akwai Musulmi. Ɗaya daga cikin tsibiran shi ne Sapelo, mai shi Thomas Spalding, wanda ta wajen uwa daga zuriyar John McIntosh Mohr ya fito, mutumin nan da ya jagoranci koken Darien. Wajen 1802, watau shekara biyu kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, Spalding ya sayo wani bawa daga tsibiran Bahamas mai suna Bilali Muhammadu, haifaffen Timbo a Futa Jalon, garin sarauta da karatu. Ya naɗa shi sarkin gandu a kan bayi ɗaruruwa. Waɗanda suka gan shi sun ce yana sa jar dara da doguwar riga, yana salla yana fuskantar gabas, yana azumi, 'ya'yansa mata kuma akwai Fatima da Madina da Binta a cikinsu.

A tsibirin St. Simons na kusa akwai abokinsa Salihu Bilali, mutumin Masina a bakin kogin Kwara, wanda aka sace yana yaro aka bi da shi ta Segu har bakin teku a ƙasar Gana ta yau. Shi ma sarkin gandu ne, a gidan Couper. Ubangidansa James Hamilton Couper ya rubuta bayaninsa a wata wasiƙa da aka buga a 1844, ya ce ba ya shan giya, yana azumin Ramalana, yana da Alƙur'ani yana karantawa. Waɗannan gidaje biyu, na Spalding da na Couper, su ne aka sayo wa wani rukunin Ibo a 1803, ko da yake tsarin mulkin jihar na 1798 ya hana shigo da bayi daga Afirka. Mutanen suka yi tawaye a cikin jirgi, da aka iso wani rafi a St. Simons waɗansunsu suka shiga ruwa suka nutse maimakon su karɓi bauta. Har yau ana kiran wurin da sunan Ibo.

Bilali na Sapelo ya bi wata hanya dabam, kuma a nan ne maganarsa take da wuya. A yaƙin Amurka da Ingila da aka fara a 1812, jiragen Ingilishi sun zo gaɓar Jojiya a farkon 1815 suna yi wa bayi alkawarin 'yanci, ɗaruruwa suka bi su. An ruwaito cewa Spalding ya ba Bilali bindigogi 80 ya tsare tsibirin, shi kuwa ya ce ya lamunce 'yan'uwansa Musulmi, amma bai lamunce sauran bayin ba. An kuma ruwaito a guguwar teku ta 1824 ya tattara jama'a cikin ɗakunan ajiya masu ƙarfi ya tsirar da su. Wanda yake neman gwarzon 'yanci ba zai same shi a nan ba. Abin da za a samu shi ne mutumin da aka raba da ƙasarsa yana saurayi, ya ga hanyar da zai tsare iyalinsa da addininsa ita ce ya zama amintaccen ubangida, ya kuma ɗauki kansa sama da waɗanda yake tsaro. Mu da muka san matsayin sarkin gandu da na bayin sarki a tarihin ƙasar Hausa bai kamata wannan ya zama baƙon abu a gare mu ba.

Littafin da aka kawo Kano

Kafin rasuwarsa wajen 1857 Bilali ya ba wani limamin Kirista, marubuci, mai suna Francis Goulding, wani ɗan littafi mai shafi 13 da ya rubuta da hannunsa. Shekara da shekaru mutanen Jojiya suna ɗauka littafin tarihin rayuwarsa ne, suna jiran ranar da za a fassara a ji labarin gandun Sapelo daga bakin bawa. A farkon shekarun 1930 ɗan Goulding ya ba da shi ga laburaren jiha. An nuna wa masana Larabci, suka kasa fitar da ma'ana.

A 1938 wani ɗalibi Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zo ƙasar Kano domin nazarin addinin Maguzawa. Ɗaliban harshe sun san shi, shi ne daga baya ya tabbatar da Hausa cikin reshen Cadi na dangin harsunan Afirka da Asiya. Ya zo da hotunan shafukan Bilali ya nuna wa malamai. Bisa ga abin da ya rubuta a 1940, da farko malaman sun ce wannan rubutun aljannu ne, domin baƙaƙen na Magariba ne irin waɗanda suka saba da su, amma kalmomin ba sa haɗuwa. Da aka ci gaba da dubawa sai aka gane marubucin yana musanya baƙaƙen da suke da kusancin furuci, yana rubuta abin da kunnensa ya riƙe, aka fara ganin kalmomin kiran salla da alwala. Greenberg ya yanke cewa guntaye ne daga Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira.

Ba sai na gaya wa wannan zaure mece ce Risala ba. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya san bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya ita ake shiga. Masanan da suka sake nazarin littafin daga baya sun sassauta hukuncin Greenberg, suka ce ba kwafi ba ne kai tsaye, tattarawa ce ta mutumin da ya yi karatun fiƙihun Malikiyya yana yaro, aka katse masa, ya zauna bayan shekaru masu yawa yana fitar da abin da ya rage a ƙirjinsa, na imani da tsarki da sallar asuba. Masu jiran labarin gandu sun ji kunya, domin babu sunan Spalding a ciki, babu auduga, babu bulala. Ni kuwa a ganina wannan shi ne labarin. Mutum ya yi shekara fiye da hamsin cikin bauta, ya sami takarda shafi 13, da ya tashi cika ta sai ya koma karatun zaure na Timbo. Littafin yana ajiye yau a laburaren Jami'ar Jojiya da ke garin Athens, kuma a filin wasa na wannan jami'a ne aka buga wasan ƙarshe na 1996 da na ambata da farko.

Bauta ta ƙare da yaƙin basasar Amurka. A watan Janairu 1865, bayan ya kama Savannah, Janar Sherman ya gana da shugabannin addini baƙaƙen fata su 20, sa'an nan ya ba da umurnin a raba wa 'yantattu gonakin tsibiran da na gaɓa, kowane gida har eka 40. Kafin shekarar ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin masu gandu yawancin ƙasar. Duk da haka waɗansu mutanen Sapelo sun tara kuɗi sun sayi filaye, suka kafa ƙauyuka. Guda ɗaya ne ya rage, Hog Hammock, mazaunansa 'yan tsiraru ne, da yawansu zuriyar Bilali, Kiristoci ne, sauran tsibirin kuwa kusan duka yana hannun gwamnatin jiha.

A ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Amurka ta aiki marubuta su ɗauki bayanin tsofaffin wannan gaɓa, aka buga shi a 1940. A Sapelo sun sami wata tsohuwa, Katie Brown, jikar Margaret 'yar Bilali. Ta ce an gaya mata Bilali da matarsa suna da dogon carbi, suna kiyaye lokacin salla ƙwarai, suna shimfiɗa 'yar tabarma su durƙusa a kai. Ta kuma bayyana wani abinci da kakarta take yi sau ɗaya a shekara, a wata babbar rana: a wanke shinkafa a bar ta ta kwana a jiƙe, da safe a daka ta a turmi, a zuba zuma ko sukari, a mulmula da hannu. Wani tsoho, jikan wata 'yar Bilalin, ya ce tasa kakar takan tara yara, sa'an nan ta raba musu tana cewa amin. Marubutan ba su san abin da suke ji ba, suka rubuta sunan abincin yadda ya faɗo a kunnensu, saraka. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu yana yaro aka sa masa gumba ya san sadaka ce.